Littattafan Malam Ba Hatsi Ba Ne

 

 Maganarmu ta yau a kan abin da kowa ya san yana tafe ce, amma ba mai son a ambata masa, watau ranar da za a zauna a zaure a kasa dukiyarsa. Ba za mu taɓa dukan dukiyar ba. Littattafai kaɗai muke nufi, da abin da ya kamata mai littafi da mai kuɗi su rubuta tun suna da sauran numfashi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani rabon gado da na halarta a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi. Wani dattijon malami ne ya rasu, Allah ya jiƙansa, wanda ni kaina na ɗauki Risala a zaurensa. Ya bar mata biyu da 'ya'ya goma, da gona, da gida, da adaka uku cike da littattafai. Aka raba gona lafiya, aka yi wa gida kuɗi. Da aka zo kan adaka sai kowa ya ce yana son albarkar Malam, ba wanda ya yarda a fanshe shi. Aka zube littattafan bisa tabarma aka shiga kasawa, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya. Hashiyar Dasuƙi, mai juzu'i huɗu, ta faɗa hannu huɗu. Wata Risala rubutun hannu, wadda mahaifin Malam ya kwafa, Malam kuma ya cika gefenta da fassarar kalmomi cikin ajami shekara da shekaru, ta faɗa ga wani ɗa wanda sana'arsa tuƙin mota ce a Ikko. Yaron kirki ne, ya karɓa hannu biyu, ya sa a buhu ya rataye a ɗakin uwarsa, ya koma bakin aikinsa.

Bayan damina biyu na bukaci wata mas'ala da na san Malam ya yi bayaninta a gefen wannan Risala. Na je na yi sallama, aka sauko mini da buhun. Ɗakin ya yi yoyo, gara ta bi bango ta shiga. Abin da na zazzage a tabarma bai fi a cika tafin hannu biyu da shi ba, sauran duk ƙasa ce. Na koma gida ban iya cin tuwo ba. Ban ga laifin yaron ba, ban ga na uwarsa ba. Laifin da na gani nawa ne, domin ina zaune aka yi rabon, na san hukunci, na yi shiru don kunyar magada. Malam ma, Allah ya gafarta masa, ya karantar da babin wasiyya ya fi sau talatin, bai rubuta tasa ba.

To, jama'a, hatsi in an raba shi da mudu kowane mudu hatsi ne, a daka a ci. Littafi kuwa in an raba shi an kashe shi. Malaman fiƙihu na mazhabarmu ta Maliku sun riga sun faɗi cewa abin da rabo yake ɓata shi ba a tsaga shi, sai a yi masa ƙima a raba kuɗin, suka ba da misali da takalmi ƙafa biyu. Ashe littafi mai juzu'i huɗu bai fi takalmi cancantar wannan hukunci ba? Balle rubutun hannu irin namu, wanda ba a ɗinke shi, warƙa-warƙa ne cikin tadarishi, kalmar da ke gindin kowace warƙa ita ke nuna wadda ke biye. In warƙa goma suka fice daga tsakiya, sai wanda ya haddace littafin ne zai gane an yi asara. Ni a ganina ma, littattafan malami guda gaba ɗayansu kamar littafi ɗaya suke, domin sharhin wannan yana cikin wancan, kuma wanda ya duba su a haɗe zai san abin da mutanen garin suka karanta, da wurin wanda suka karanta.

Mu tuna yadda kakanninmu suka ɗauki littafi. Wanda ya karanta Tarihin Kano zai ga marubucinsa yana ambaton zuwan littafi kamar yadda yake ambaton yaƙi da naɗin sarauta. Ya ce a zamanin Sarkin Kano Yakubu, wanda ya yi sarauta daga 1452 zuwa 1463, Fulani suka zo daga Malle da littattafan tauhidi da nahawu, alhali kafin nan abin da ke hannun malamai Alƙur'ani ne da fiƙihu da hadisi. A zamanin wannan sarki ne kuma tarihin ya ambaci zuwan Agalfati, ɗan Sarkin Machina, wanda ya zama Sarkin Gaya. A zamanin Muhammadu Kisoke kuwa aka ambaci malamin da ya kawo Ashafa, da wanda ya kawo Mudawwana. Ba a rubuta sunan kowane attajiri da ya shigo da raƙuma ba, amma an rubuta sunan wanda ya shigo da littafi. Ƙasarmu ta gabas kuwa tana kan hanyar Barno, inda mutanenmu suka saba tafiya neman Alƙur'ani, su komo da tilawa a ka da gafaka a kafaɗa. Takardar da suka yi rubutu a kanta, mai tambarin jinjirin wata uku, daga ƙasar Italiya take fitowa, ta ƙetare teku, ta ƙetare Sahara bisa raƙumi. Alaramma ya shafe watanni yana rubutu, ya dafa tawadarsa, ya sa wasali da ja, ya yi zayyana. Wannan ne abin da muke ratayewa a buhu.

Wanda gara ta bari kuwa sau da yawa barin ƙasar yake yi. Fatake, ga labarin ɗan'uwanku. Malam Umaru Falke na Kano, wanda ya rasu a 1962, falke ne kamar yadda sunansa ya nuna, malami ne kuma na Tijjaniyya, mawallafi. Ya tara littattafai da takardu fiye da 3,000, na Larabci da na Hausar ajami. Yau suna ajiye a Jami'ar Northwestern, kusa da birnin Chicago a Amurka, an jera su an rubuta sunayensu, ba gara ba yoyo. Ba na zargin waɗanda suka ɗauka, gama sun kiyaye abin da watakila da ya watse. Amma almajirin Kademi ko na Toranke da ke son ganin abin da malamin Kano ya rubuta da hannunsa, ina zai sami kuɗin jirgi? Tun kafin wannan, Malam Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsine, masanin lissafi da taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin mai tarihin nan na Masar. Shi ya yi wasiyya, ya sa littattafansa a hannun mai masaukinsa. Saboda haka aka san inda suka nufa, sunansa kuma bai ɓace ba. Wasiyya ita ce ke zaɓa wa littafi gida. In mai shi bai zaɓa ba, ƙaddarar kasuwa ko ta damina ce za ta zaɓa.

Yanzu ga hukunci, a taƙaice, domin malamai sun sani, fatake kuwa su ne abin nufi. In mutum ya rasu, farko a yi masa sutura daga dukiyarsa, sa'an nan a biya bashi, sa'an nan a zartar da wasiyya, sa'an nan a raba gado. Iyakar wasiyya sulusi ne, watau kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage bayan bashi. Asalin wannan kuwa labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, Allah ya yarda da shi, wanda Imamu Maliku ya kawo cikin Muwaɗɗa. Ya yi ciwo mai tsanani a Makka shekarar Hajjin Ban-kwana, yana da dukiya, ba shi da ɗa sai 'ya guda. Ya nemi ya ba da kashi biyu cikin uku, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Ya nemi rabi, aka hana. Aka yarje masa sulusi, aka kuma gaya masa sulusin ma yana da yawa, domin barin magada da wadata ya fi barinsu suna roƙo. Har wa yau ba a yi wa magaji wasiyya, sai fa in sauran magada sun yarda bayan rasuwa, a nan kuwa kyauta ce daga gare su.

Misali, Alhaji ya bar naira 9,000,000. Sutura da bashi suka ci 1,500,000. Saura 7,500,000. Sulusinsa 2,500,000 ke nan, iyakar abin da yake da iko ya yi wasiyya da shi. In ya ga 'ya'yansa ƙanana ne, ko masu rauni, ya tsaya a rubu'i ko humusi ko ƙasa da haka, wannan ya fi kusa da abin da aka gaya wa Sa'adu. Ba muna kiran kowa ya tsiyata marayu don a gina ɗaki ba ne. Wanda ya ce malamai suna so su cinye gadon mutane da sunan littafi, to, ya sake karanta wannan sakin layi.

Sai dai akwai wata matsala da ta shafi malamai musamman, ita ce kuwa ta fi damuna. Mafi yawan malamanmu ba su da dukiya sai littattafan nan. Gida na ƙasa, 'yar gona, akuya biyu, adaka uku. In aka yi wa adaka ƙima, musamman in da manyan littattafai bugun Masar da Beirut, sai ka ga ta zarce sulusi. Wasiyyar irin wannan malami ba za ta zartu ba sai gwargwadon sulusi, sauran yana hannun magada, in sun so su bari, in sun so su karɓa. Mafita biyu ce. Ta farko, malam ya yi hubusi da littattafansa tun yana da lafiya, domin mai lafiya yana da ikon ba da abin da ya so daga dukiyarsa. Amma a kula, a mazhabarmu hubusin mai lafiya ba ya cika sai abin ya fita daga hannunsa kafin ciwon ajali ko talaucewa ko mutuwa. In ya ce na yi hubusi da baki, ya bar adaka a kulle ƙarƙashin gadonsa har ya rasu, hubusin ya ɓaci, littattafan sun koma gado. Wanda kuma ya jira sai ciwon ajali ya kwantar da shi, hubusinsa ya zama kamar wasiyya, daga sulusi za a fitar. Na san abin da Allah gafarta Malam zai ce: yaya zan rabu da littattafaina ina karantarwa da su kullum? Shaihu Halilu ya riga ya ba ka sauƙi cikin Muhtasar. Littafin da aka yi hubusi da shi, aka ba da shi ga masu karatu suka yi amfani da shi, in ya komo hannun mai shi hubusin bai ɓaci ba. Saboda haka ka fitar da su zaure ko ɗakin masallaci, ka sa shaidu, ka danƙa mabuɗi ga wani amintacce, almajirai su karanta, kai ma ka karanta.

Mafita ta biyu tana hannun fatake. In malami ya rasu bai yi wasiyya ba, magada kuma suna da bukata, attajiri ya zo ya sayi littattafan gaba ɗaya bisa ƙimarsu ta gaskiya, ba tayin wulaƙanci ba, magada su raba kuɗi, shi kuma ya yi hubusi da littattafan a garin, da sunan malamin. Marayu sun sami haƙƙinsu, littafi bai tsage ba, Alhaji ya sami lada. Da an yi haka a zauren da na ba ku labari, da Hashiyar Dasuƙi tana nan da juzu'inta huɗu.

Alhazai, ku yi haƙuri in faɗa muku wata magana. Kun iya gina masallaci, Allah ya saka muku. Amma a wasu garuruwanmu sai ka tsaya a ƙofar wannan masallaci kana jin iƙamar wancan, kowanne sahu ɗaya bai cika ba da Azahar. Ku nuna mini ɗaki guda a garin inda gardi da ya sauke ya shiga littattafai zai je ya duba Jalalaini ko Ƙamus ba tare da ya yi ta zarya gidan wani ba. Na ga almajirai huɗu suna karɓa-karɓa da Iziyya guda. Na ga wanda ya tsaya a Askari shekara biyu bai shiga Muhtasar ba don rashin kuɗin Lawwali. Hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya ambaci abu uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfani da shi, da ɗa nagari mai addu'a. Ɗakin littattafai ya haɗa biyu na farko a wuri ɗaya, wanda ya karanta a ciki kuma ba zai rasa yi wa mai shi addu'a ba.

Amma gini kaɗai ba ya wadatarwa, a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Ɗaki yana son rufi a gyara kafin damina, yana son maganin gara, da fitila, da akwatunan ƙarfe a ɗaga su daga ƙasa, musamman a garuruwan da ke kusa da kogi inda ambaliya ba baƙuwa ba ce. Yana son mai tsaro wanda zai buɗe da hantsi ya rufe da almuru, shi kuwa yana da iyali. Ɗakin da ba shi da abin shiga, shekara biyar ta yi yawa ya zama wurin ajiyar buhunan taki. Dubi abin da Sayyidina Umaru ya yi da gonarsa ta Haibara. Manzon Allah ya shawarce shi ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado, shi kuma ya sharɗanta cewa mai kula da ita ya ci daga ciki gwargwadon al'ada. Ga tsarin nan tun farko. Don haka wanda zai yi wasiyya ya fi kyau ya ambaci abu mai haihuwa, shago a kasuwa, ko gona, ko ɗakin haya, ya ce kuɗin hayarsa na ɗakin littattafai ne. Tsabar kuɗi tana narkewa. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da naira dubu take saye shekara goma da suka wuce da abin da take saye yau. Shago kuwa hayarsa tana tashi tare da kasuwa. Malam ya kawo littafi, Alhaji ya kawo shago, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sa'an nan a rubuta sharuɗɗa, kada a ji kunya. Ibnu Haldun, mai tarihin nan, ya yi hubusi da littafinsa na tarihi ga masallacin Ƙarawiyyin na birnin Fas a shekarar 1396, takardar hubusin kuma tana nan. Ya sharɗanta ba a ba da aronsa sai ga amintacce, da jingina, kuma kada ya wuce wata biyu. Babban malami ne, ya san halin masu aron littafi. Mu ma mun sani. Wane ne cikinmu ba shi da littafin da aka ara tun bara waccan, in ya tambaya a ce ai wane ya karɓa? Ra'ayina shi ne rubutun hannu kada ya fita daga ɗakin ko da jingina, mai so ya zo ya zauna ya kwafa. Na bugu a ba da aro, a rubuta suna da rana.

A Tambutu akwai abin koyi. Shaihu Ahmadu Baba, wanda sojojin Maroko suka kama suka kai Marrakesh bayan sun ci garin a 1591, ya ce littattafansa da aka washe 1,600 ne, kuma shi ne mafi ƙarancin littattafai cikin danginsa. Duk da irin wannan ɓarna gidajen malamai na garin suka riƙe abin da ya saura, ɗa bayan uba. A 1981 wani malami, Mamma Haidara, ya rasu, ya bar wasiyya cewa ɗansa Abdulƙadir, yana ɗan shekara 17, shi ne mai tsaron littattafan gidan, ba a sayar da su. Wannan ɗa ya buɗe ɗakin karatu da sunan mahaifinsa a 2000. Da masu bindiga suka mamaye garin a 2012, shi da wasu gidaje suka ɗura littattafai dubu ɗaruruwa cikin akwatunan ƙarfe, wasu ta mota wasu ta kwalekwale bisa kogin Kwara, suka kai Bamako. A watan Janairu na 2013 aka sa wuta a cibiyar Ahmadu Baba, wajen littafi 4,000 suka salwanta, amma mafi yawa sun riga sun tsira. Abin lura a nan shi ne uban ya ambaci mutum guda da sunansa. Ɗora wa magaji tsaro kuwa ba wasiyya ga magaji ba ce, amana ce aka ɗora masa, bai mallaki kome ba. In ba a ambaci kowa ba, kowa sai ya ce na wane ne.

Wani zai ce, Malam, zamani ya wuce wannan, yanzu duk littafi yana cikin waya. Na yarda da rabin maganar. Ni ma yarana sun sa mini Muwaɗɗa da Buhari a waya, ina dubawa in dare ya yi. Amma abin da ke cikin intanet shi ne abin da wani ya riga ya ɗauka ya saka. Wa ya saka fassarar da malamin Gafasa ya rubuta a gefen Ishmawinsa? Wa ya saka wasiƙar da limamin Balare ya aika wa alƙali, ko waƙar wa'azi da wata Modibbo ta tsara wa matan unguwarsu, ko salsalar waɗanda aka ɗauki tilawa daga gare su? Waɗannan kwafi ɗaya ne a duniya. Amfanin waya a nan shi ne a ɗauki hoton kowace warƙa, a ajiye a wuri biyu ko uku, a kai wa masu adana irin wannan kamar Jami'ar Bayero a Kano ko Gidan Arewa a Kaduna, asali kuwa ya zauna a garinsa. Gobara ba ta san sarki ba. Sa'ad da Baturen nan Clapperton ya kai wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello littafin Uƙlidis na handasa a 1826, Bello ya yi murna, ya gaya masa suna da shi dā, an kawo musu daga Makka, gobara ta cinye shi. In gidan Bello bai tsira ba, ɗakin kara na tsangaya fa?

Wani kuma zai ce wannan aikin gwamnati ne. To, Allah ya ba gwamnati iko. Amma zaurukan da muka yi karatu a cikinsu ba gwamnati ta gina su ba, kuma ma'aikaci ana canja masa wurin aiki, hubusi kuwa ba a canja shi. Akwai Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2003, a sanar da ita, a kuma kai takarda gaban alƙali da hakimi domin kada wani jika ya tashi bayan shekara ashirin ya ce shagon kakansa ne. Iyakar abin da muke nema ga hukuma ke nan, ta zama shaida.

Maganar kundi kuwa, na san ita ce ke hana wasu malamai sakin adaka. Ba wanda ya ce ka baza laƙanin gidanku a kasuwa. Ka ware shi, ka ba wanda ka yarda da shi tun kana da rai. Amma kada don warƙa ashirin na sirri ka kulle Alfiyya da Muƙama da Ishiriniya, waɗanda ba sirrin kowa ba ne. Ina kuma roƙon mai wasiyya, don Allah, kada ya rubuta cewa ɗakin na 'yan ɗariƙarsa ne kaɗai, ko na 'yan ƙungiyarsa. Sharaɗin mai hubusi abin bi ne, in ka ƙuntata za a bi ka a ƙuntata har bayan ranka, ladanka kuma ya ƙuntata. Baƙadire da Batijjane da ɗan Izala duk Ahalari guda suka fara da shi. A keɓe wa mata rana ko lokaci, domin 'ya'yanmu mata na Islamiyya sun fi kowa rashin wurin duba littafi, Nana Asma'u 'yar Shehu kuwa da littattafan gidansu ta zama abin da ta zama.

Saura yadda za a rubuta. Mutanenmu suna gudun wasiyya kamar ita ce ke kiran Mala'ikan mutuwa, alhali hadisin Abdullahi ɗan Umaru ya nuna bai kamata Musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Kuma ba ta ɗaure mai ita, muddin yana da rai yana iya sakewa ko ya soke. A rubuta da ajami ko da boko ko da Larabci, duk ɗaya ne. A ambaci littattafan ɗaya bayan ɗaya da yawan juzu'insu, a ambaci shago ko gona da iyakokinta, da sunan mai tsaro da wanda zai gaje shi in ya rasu ko ya ci amana, da abin da zai ɗauka na wahalarsa. A rubuta a bangon kowane littafi cewa hubusi ne, ba a sayarwa, domin in ya ɓulla a kasuwar Kurmi a gane shi. Abu mafi girma shi ne shaidu. Malamanmu sun ce takardar da aka tsinta bayan mutuwa, ko an tabbata rubutun mamacin ne, in bai sa shaidu ba, bai kuma ce a zartar ba, ba a aiki da ita, domin watakila ya rubuta ne yana shawara. Adilai biyu, waɗanda ba su da rabo a ciki. A kuma kira manyan 'ya'ya a karanta musu tun uban yana zaune, gama abin da ɗa ya ji daga bakin ubansa ba ya jayayya da shi kamar abin da ya ji daga bakin baƙo ranar sadakar uku.

Ni dai na rubuta tawa cikin watan da ya wuce, bayan sallar La'asar, gaban limaminmu da wani dattijo mai sayar da goro. Littattafan ba su da yawa, 140 ne da 'yan kai, da Alƙur'ani guda rubutun kakana. Mun fitar da su ɗakin da ke jikin masallaci, mabuɗi yana hannun na'ibi. Abin da ya rage mana rufin kwano ne da abin da za a riƙa ba mai tsaro, muna kuwa sauraron Alhazan garin.